Wasiƙa daga Indiyana: yadda muke wanke tankin ruwan mota mai ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, iyayenmu da yayyenmu da ƙanne, da fatan kuna lafiya, ya zafi? Mu nan jihar Indiyana ta Amurka sai yanzu cikin watan Afrilu sanyi ya fara sakinmu, ƙanƙara ta narke, kowa ya fito da motarsa mai ɗaki yana gyara, wato wadda suke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Garin Elkhart da ke kusa da mu nan ne cibiyar ƙera su a ƙasar, shi ya sa ko'ina ka waiga sai ka gan su a ƙofar gidaje. Ni ma na sayi wata ta hannu, tankin ruwanta galan 45 ne, kusan lita 170 ke nan.

Shekarar farko ban wanke tankin ba, na cika shi kawai muka kama hanya da iyali, tunda dai ruwan famfo ne mai kyau na zuba kuma tankin a rufe yake ruf, me zai shiga? Da maiɗakina ta buɗe famfon kicin za ta ɗora shayi sai wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, da na kwance filta na sa yatsa sai na ji yauƙi kamar miyar kuɓewa, alhali ruwan a ido garau yake. Wallahi hankalina ya tashi, domin da ruwan ne yara suka yi alwala suka kurkure baki da safe. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi shekaru yana aiki a kamfanin ƙera motocin shi ya zaunar da ni ya koya min, ya ce ruwan da ya kwana watanni a tiyo ƙwayoyin cuta na yin shimfiɗa a jikin robar, ɗauraya kaɗai ba ta fitar da su. Akwai ma wadda ake kira Lejiyonela mai son ruwan ɗumi da ya daɗe a tsaye, ita ta feshin ruwan wanka take shiga huhu, sunanta ma ya samo asali ne daga ɓarkewar da ta yi a birnin Filadelfiya na nan Amurka a 1976.

Maganin dai bilic ne, irin su Hypo da Jik da muka sani a gida, amma fa zalla, ba mai ƙamshi ba, ba kuma mai kaurin nan ba. Awon shi ne kwata na kofi ga kowane galan 15, wato wajen mililita 60 ga lita 57, ni nawa tankin kashi uku cikin huɗu na kofi yake ci. Ba a tuttula shi kai tsaye, sai ka fara sirka shi a jarka da ruwa sannan ka zuba ta mazurari, ka cika tankin taf. Kafin nan ka kashe hita ka juya makullin da ke sa ruwa ya kewaye ta, ka cire filta. Sai ka kunna injin famfo ka bi kowane kai ɗaya bayan ɗaya, na kicin, na wanka, na wanke hannu, har da na waje wanda mutane suka fi mantawa da shi. Da farko wani ruwa mai launin ruwan hoda ne zai riƙa fitowa yana tari yana tofi, shi ne maganin daskarewa da muka ɗura wa tiyo lokacin hunturu, ka bar shi ya yi ta zuba har sai hancinka ya ji warin bilic sannan ka rufe. Ka bar shi aƙalla awa 4, ni da la'asar nake yi in bar shi ya kwana. Da safe a zubar a wurin da aka tanada don ruwan datti, a sake cikawa a zubar, sau biyu ko uku har warin ya tafi.

Don Allah ku ji wannan da kyau, kada a kuskura a haɗa bilic da binega ko wani maganin wanke banɗaki, iska mai guba yake fitarwa, kuma a ɗan ƙuntataccen wuri irin wannan kafin ka ankara numfashi ya sarƙe. Ruwan wankin nan kuma ba na sha ba ne ko kaɗan.

Abin da ya sa na zauna rubuta muku, ranar da na ji yauƙin nan a yatsana tankin saman gidanmu ne ya faɗo min a rai, baƙin tankin roban nan da rana ke dukansa tun safe, na yi ta tunani ban tuna ranar da na ga an hau an wanke shi ba, kuma da shi ake wa Hajiya girki da ruwan alwala. Lissafin bai da wuya, kusan mililita ɗaya ne ga kowace lita, sai dai a duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, namu na nan kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ne, in na can bai kai haka ba sai a ƙara daidai gwargwado. A fara kwashe lakar da ta kwanta a ƙasa a goge jikin da buroshi mai dogon hannu, kada kowa ya zura kai ciki bayan an zuba maganin. Na san ruwa na da tsada, ba kowa zai iya cika tanki don ya zubar ba, to a tara shi a bokitai a wanke masai da tsakar gida da shi.

Na riga na kira ƙanena na ce ranar Asabar ya nemi tsani ya hau ya buɗe murfin, ya ɗauko min hoton cikin. A gaida mutanen gida duka.

Ɗan uwanku a Indiyana.