Bangon da na yi shekara biyu ina wucewa a Ankara

Ƙannena masu shirin fita karatu waje, ga abin da ya same ni, ko Allah zai sa ku tsallake ramin da na faɗa.

A shekarata ta biyu a Ankara aka sa mana darasin tarihin daular Rumawa. Na kama shi yadda na saba tun sakandare: na jera sarakuna a takarda, Agustus, Tibariyus, Kaligula, Kalaudiyus, Nero, kowa da shekarar hawansa da ta mutuwarsa, na yi ta bita dare da rana. Har gobe zan iya kawo muku cewa Agustus ya karɓi wannan laƙabi a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a shekara ta 14 miladiyya, kuma sarakuna huɗu suka yi mulki cikin shekara ta 69 kaɗai. Ranar jarrabawa sai aka tambaye mu me ya sa Agustus, mutumin da sojoji da baitulmali ke hannunsa, ya ƙi yarda a kira shi sarki. Duk haddar nan ba ta ba ni ko layi ɗaya ba.

Da na je wurin malamarmu ina neman mafita, sai ta tambaye ni inda nake sallar Juma'a. Na ce masallacin Hajji Bairam da ke unguwar Ulus. Ta ce to tsohon bangon dutsen da ke manne da masallacin fa, na taɓa tsayawa na dube shi? Wallahi ban taɓa ba. Ashe ragowar haikalin da aka gina wa Agustus ne, kuma a jikinsa aka sassaƙa bayanin da shi kansa ya rubuta kan ayyukansa, da Latin da Girkanci. Na asalin, wanda aka zana kan tagulla a gaban kabarinsa a birnin Rum, ya ɓace. Na Ankara ne mafi cika a cikin waɗanda suka rage. Shekara biyu ina cire takalmi a gefensa.

Na samo fassararsa na je na tsaya a wurin ina karantawa. Ya ce yana ɗan shekara 19 ya tara runduna da kuɗin aljihunsa. Ya ce ya gyara haikali 82 a birnin Rum, kuma ƙidayar da ya yi a shekara ta 28 kafin miladiyya ta samu 'yan ƙasa 4,063,000. Ya ce an miƙa masa mulkin kama-karya ya ƙi karɓa, kuma da ƙima ya fi abokan aikinsa, ba da iko ba. A nan na ga amsar da ta gagare ni: wanda ya ɗauke shi ɗa, Yuliyus Kaisar, an daba masa wuƙaƙe a shekara ta 44 kafin miladiyya saboda ana ganin sarauta yake nema. Agustus ya riƙe ikon, ya guji sunan.

Sai kuma na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi yi mini ciwo. Rubutun ya burge ni har na gaskata shi ɗungurungum, na rubuta aikin gida cike da yabonsa. Malamar ta mayar mini da shi da tambaya guda: ina labarin rundunoni uku da suka hallaka a dajin Jamus a shekara ta 9 miladiyya? Babu shi a bangon. Babu kisan da shi da abokan ƙawancensa suka yi wa abokan hamayya a shekara ta 43 kafin miladiyya, wanda ya ci har Sisero, shahararren ɗan majalisar Rum. Ko sunan Antoniyus, abokin ƙawancensa da daga baya ya yaƙa, bai ambata ba. Kirari ne, kuma mai kirari ba ya faɗin ranar da aka kayar da shi. Abin da ya dame ni shi ne, mu fa tun makarantar Islamiyya aka koya mana tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji. Na ajiye wannan tarbiyya a ƙofar aji don kawai littafin na Turawa ne. Haka ma munanan labaran Nero: ya mutu a shekara ta 68, manyan marubutan da muka gaji labarinsa daga wurinsu kuwa sun yi rubutunsu shekaru da dama bayan haka, kuma daga cikin manyan da ba sa ƙaunarsa suka fito.

Don haka in an ba ku sarki ku karanta, ku nemi abin da ya faɗa kan kansa, da abin da maƙiyansa suka faɗa, sannan ku bincika me ya bari a garin da kuke zaune. Ku yi wannan tun watan farko, kafin hidimar jarrabawa ta rufe ku.

Akwai wanda har yanzu nake nadamarsa. Sau uku ina zuwa Istanbul, duk sayayya ta kai ni. Sai bayan na dawo gida ina sauraron karatun hadisin Abu Sufyan da Hiraƙal na farga cewa sarkin Rumawan nan, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641, fadarsa na cikin birnin da na yi ta zagayawa ina cinikin riguna.