Abin da tsofaffin kaset ke koya wa mai son sake fitar da su

A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar da cewa an gano sassa tara na shirinta Doctor Who, waɗanda aka daɗe da fid da rai da su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin da ke Jos. Na shekarun 1967 da 1968 ne. Ita BBC ta goge nata tun tuni, domin a wancan zamani zaren ɗaukar hoto tsada gare shi, ana gama nuna shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Abin da ya tsira shi ne kwafin da aka zuba a fim mai faɗin milimita 16 aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Aka kwashe su zuwa Ingila, aka wanke, aka gyara, aka fitar da su a intanet da faifan DVD, masu sha'awa suka yi ta saye.

Shirin Turawa ke nan ya yi shekara da shekaru a ajiye a Jos. Amma wanda ya tashi neman cikakken kwafin wasanninmu na talabijin na shekarun 1970 da 1980, irin su Samanja, guntu-guntu zai yi ta tsinta a hannun mutane. Haka ma finafinan Kano na farko-farko, tun daga Turmin Danya na 1990. Masu aikin juyar da irin waɗannan kaset zuwa kwamfuta kusan darasi iri ɗaya suke koya, kuma galibi sai bayan an yi asarar kaset ɗaya ko biyu.

Babban kuskure shi ne ɗaukar faifan VCD a matsayin asali. Hoton VCD ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsayi, an matse shi ya shiga faifan da ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80. DVD kuwa 720 ne da 576, wato ya ninka shi kusan sau huɗu. Abin da aka zubar wajen matsewa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Masu cewa za su mayar da VCD ya zama hoto garau, fenti kawai suke shafawa, fuskar ɗan wasa ta fito sumul kamar an yi ta da roba. Saboda haka kafin a taɓa na'ura, a fara da cigiyar uwar kaset, wadda daga ita aka yi ta kwafar sauran. Kuma ba lallai a same ta a gidan furodusa ba. A tsarin kasuwar da, furodusa kwalaye yake bugawa ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi fim ɗin a kaset ɗinsu su zura a kwalin. Ke nan uwar kaset ta fi yiwuwa ta ƙare a shagon wani dillali na Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, ko a cikin buhu a gidan magadansa.

Idan an samo ta, kada a yi gaggawar kunnawa. A fara ɓalle ɗan harshen nan na gefen kaset, domin kada hannu ya kuskure ya danna ɗauka. Sai a leƙa ta tagar kaset ɗin. In an ga farin gari-gari ko tabo a gefen zaren, fumfuna ce, aikin damina a ɗakin da ba iska. Kaset mai fumfuna in ya shiga bidiyo, kan na'urar zai toshe cikin 'yan daƙiƙu, sannan duk kaset ɗin da ya biyo baya ya kwashi cutar. A bar shi ya bushe a ɗaki mai sanyi marar danshi, a sa takunkumi, a kwance kusoshin gidan kaset ɗin, a riƙa juya zaren a hankali ana goge shi da ƙyalle marar zare-zare. Aiki ne na awoyi, ba na mai gajen haƙuri ba. Shanya kaset a rana kuwa kashe shi ne. Zafi yana tanƙwara zaren, gefen da ke ɗauke da sauti ya lalace.

Manyan kaset na U-matic, waɗanda tashoshin talabijin suka yi aiki da su, nasu ciwon daban ne. Gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisu a jikin zaren yana shan danshi ya yi danƙo, sai a ji kaset yana ƙara ƙii, yana barin baƙin datti a kan na'ura. Maganinsa a ɗumama shi a zafin digiri 50 zuwa 55 na tsawon yini guda ko fiye, cikin akwatin da ke riƙe zafi daidai, ba tandun gashin burodi ba. Sauƙin na ɗan lokaci ne, don haka da ya huce a kwafe shi.

Ita kanta na'urar ta zama abin lallaɓawa, domin kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, wato na kallon kaset a gida, ya daina a 2016. Wadda ke hannu ita ce jari. Ana goge kanta da sifirit mai ƙarfin kashi 99 cikin 100 da 'yar farar takarda: a dafa takardar a jikin gangar da ke ɗauke da kan, a juya gangar da yatsa. Ba a gogawa sama da ƙasa, nan take kan zai karye, kuma auduga tana maƙalewa ta fizge shi. Da hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle.

Wajen kwafa, abubuwa uku ne suka fi ɓata aiki. Tsohon zare ba ya gudu daidai, sai hoto ya riƙa rawa ko saman allo ya karkace, kwamfuta kuma ta riƙa zubar da hotuna, har a kai ƙarshen fim baki yana motsi murya na biyo baya. Ana hana wannan da na'urar daidaita lokaci, wadda masu sana'ar ke kira TBC, a sa ta tsakanin bidiyo da kwamfuta. Sai tsarin hoto: Najeriya PAL take bi, hoto 25 a daƙiƙa, kowanne a rabe gida biyu da ake saƙa su layi-layi. In aka haɗe su ba bisa ƙa'ida ba, duk wanda ya ɗaga hannu a fim sai a ga gefen hannun kamar haƙoran mataji. Na ƙarshe, wanda ya fi ban haushi don ganganci ne, shi ne buɗe hoton tsohon allo mai 4:3 ya cika faffaɗan allon zamani mai 16:9. Kowa ya koma gajere mai ƙiba. A bar baƙin fili a hagu da dama, ba aibi ba ne.

Kwafin farko a ajiye shi da nauyinsa, kada a matse. Ko a tsarin ajiyar bidiyo na DV, awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13, kuma ya cancanci wurin. Daga shi ake cire ƙaramin da za a ɗora a YouTube ko a zuba a faifai. A yi kwafi uku, ɗaya a wani gida daban, saboda gobara da ɓarawo. Faifan da aka ƙona a kwamfuta ba ma'ajiya ba ce, rininsa yana dusashewa da zafi da haske. Kaset ɗin ma kada a yar. A jera shi a tsaye kamar littafi, nesa da lasifika.

Akwai kuma abin da masu na'ura ke rainawa, marubuta ke kuka a kai: takarda. Wanda zai rubuta littafi kan tarihin wannan sana'a ba hoto kaɗai yake nema ba, yana son sanin shekara, da wanda ya rubuta labari, da wanda ya rera waƙar da ɗan wasa ke motsa baki a kai. Kwalaye da yawa ba su ɗauke da shekara, shi ya sa tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda ta fara a 1999, suka zama abin dogaro wajen tantance wane fim ya riga wane. A ɗauki hoton kwali gaba da baya, a kwafi fim tun daga tallace-tallacen farko har sunayen ƙarshe. Tallan nan da ake yankewa shi ke nuna finafinan da ke kan hanya a lokacin, da sunan shagon da ya rarraba.

Sannan a zauna da masu haƙƙi kafin a saki komai. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare fim shekara 50 daga fitowarsa, wato fim ɗin 1990 yana da mai shi har 2040. Riƙe uwar kaset ba ya mayar da mutum mai fim. In furodusa ya rasu, magada ake nema, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a faɗi kason kowa, a kuma ba su nasu kwafin mai nauyi su ajiye.