Yadda munka maido Baba da Hajiya gida daga tekun Italiya

Shekarata ashirin da 'yan kai ina yankan tikitin jirgi, ofis ɗinmu na nan Birnin Kebbi, yawanci aikin Umara muke sai 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Chana da ɗalibanmu na Masar. To ƙarshen bara wani aiki ya faɗo mana da ban taɓa yin irinai ba. Wani dattijo ne tsohon ma'aikacin ilimi da ya yi ritaya, shi da Hajiyarsa ita ma tsohuwar malamar asibiti, ɗansu da ke aiki Ingila ya biya masu yawon jirgin ruwa na sati uku cikin tekun Bahar Rum, su ga Basalona, su ga Malta, su ƙare a Italiya. Shi ɗan ya gama da kamfanin jirgin ruwan da biza, ni aka bar ma tafiya da dawowa ta sama.

Zuwa ba shi da wuya, mutum na da kuzari da ɗoki. Dawowa ce ke nuna wa ya iya aiki, don lokacin tsoho ya gaji, kaya sun ƙaru, maganin hawan jini ya kusa ƙarewa, ga kewar gida. Jirgin nasu a Cibitabekiya zai tsaya, tashar ruwan da ke hidimar birnin Rum, kuma daga nan zuwa filin jirgin saman Rum na Fiyumicino tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Ɗan nasu ya turo mani wani tikiti da ya gani a intanet mai tashi ƙarfe 10 na safe wai ya fi arha. Na ce mai ranka ya daɗe jirgin ruwa ba motar haya ba ce da za ka diro da ta tsaya, mutum dubbai ne ciki, rukuni-rukuni ake fiddo su, sai ka sauka ka nemo akwatinka cikin wani ƙaton zaure sannan ka nemi mota. Ban yanka ma kowa jirgin da ke tashi kafin azahar a irin wannan rana, balle tsofaffi.

Wagga arhar ita ke kashe mana sana'a. Yanzu duk yaron da ya mallaki waya da data ya zama ejan, ya zauna gindin bishiya ya haɗa ma mutum tikiti biyu daban-daban na kamfani biyu da ba su san juna ba, tsakaninsu minti hamsin, jirgin farko na yin latti shi ke nan kuɗinka sun bi ruwa kuma ka kira shi waya a kashe. Mutanenmu kuma sai su shigo ofis suna taya tikiti kamar buhun albasa a kasuwar Aliero, "Alhaji a rage mana mana, wane ya ce zai yi mana ƙasa da haka". Jeka wurin wanen. Da yawansu ni suke kira ƙarfe biyun dare daga wani filin jirgi suna Alhaji ka taimaka.

Ni a Kano na koyi aikin ga, wajen wani maigida da Allah ya yi ma rasuwa, Allah ya jiƙanai. Lokacin tikiti ɗan littafi ne mai jan kabon, da biro ake cika shi, ka kuskure harafi ɗaya a sunan fasinja an ɓata takarda kuma daga albashinka za a cire. Sai da na yi wata uku ban taɓa tikiti ba, haddar lambobin garuruwa kawai, KAN Kano, ABV Abuja, SKO Sakkwato, JED Jidda, yana zaune da carbi yana yi mani tambaya kamar almajiri gaban allo. A 2008 anka daina tikitin takarda kowa ya koma kwamfuta, amma abin da ya dasa mani bai tsufa ba, kullum cewa yake ka bi fasinja da ido tun daga ƙofar ɗakinai har ƙofar ɗakinai.

Haka na yi ma su Baba. Tikiti ɗaya daga Rum zuwa Abuja ta Istanbul a jirgin Turkish Airlines, kaya su wuce kai tsaye ba sai sun ɗauka a hanya ba, na bar masu isasshen lokaci a Istanbul don filin jirgin nan girma gare shi, ga masallaci ciki su haɗa sallolinsu a natse. Na sa masu buƙatar keken guragu su biyun. Baba ya ƙi, ya ce "Kai ɗana, ni gurgu ne?" Na ce Baba ba don ƙafa ba ne, don mai turawar ne, shi ya san ƙofar da za ku shiga kuma ba ku bin layi. Hajiya ce ta ce mai Malam ka bar yaron ga ya yi aikinai.

Sannan na yi masu ambulan irin wanda nake ma duk tsohon da ya biyo ta hannuna, takarda guda da manyan baƙaƙe da Hausa, daki-daki. Na ja layi biyu ƙarƙashin wuri ɗaya: daren ƙarshe a jirgin ruwa ana ajiye akwatuna bakin ƙofar ɗaki ma'aikata su kwashe, ba ku sake ganinsu sai ƙasa, don haka fasfo, katin rigakafin shawara, magani da tufafin safe su kwana wurinku. Duk sun kiyaye, abu ɗaya ne ban rubuta ba, hula. Baba ya tura hulunansa duka cikin akwati, da safe ya fito da babbar riga kai ba komai, mutumin da ko maƙwabtansa ba su taɓa ganin tsakar kansa ba. Hajiya ta ce haka ya bi layin sauka yana dafe da kai da hannu ɗaya. Yanzu na ƙara hula cikin takardar.

Sun sauka Abuja cikin dare, na riga na kama masu ɗaki kusa da filin jirgi don ban yarda in haɗa jirgin waje da na gida rana ɗaya ba, na sha wuya a kan haka. Kuma na biya kuɗin ƙarin kaya tun kafin su iso, don kilo ɗin da jirgin waje ke bari na gida ba ya bari, a nan ake tsayar da tsofaffi gaban kanta suna buɗe akwati suna fidda tsaraba gaban jama'a. Ai kuwa sai ga saƙo wajen sha ɗayan dare, kamfanin da zai kawo su filin jirginmu na Birnin Kebbi, wato Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ya soke tashi, ba dalili ba haƙurin kirki, ga shi lokacin hazo ne kowa na fakewa da shi. Ban tada su Baba daga barci ba. Na samo kujera biyu a jirgin Sakkwato, na kira direbanmu na ce ya yi asubanci.

La'asar sakaliya sunka baro Sakkwato ta hanyar Argungu. Direban ya ce suna shiga Argungu Hajiya ta ce a tsaya, ta sauka da kanta ta sayi busasshen kifi, tana faɗa ma mai kifin wai sati uku tana bisa ruwa ana kawo mata kifi kala-kala da sunaye masu wuyar faɗi, ba wanda ya yi mata ɗanɗano. Washegari ta aiko mani da tuwon shinkafa da miyar kifin ofis, Baba kuma ya aiko da hula ɗaya cikin waɗanda sunka kwana a akwati.