Na sauka daga jirgin ruwa, ƙasa ta ƙi tsayawa

Kwana bakwai na yi a jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Bahar Rum, daga Basalona zuwa gaɓar Faransa da Italiya muka juyo. A cikin jirgin ko tashin zuciya ban yi ba. Sai da na sauka na kwana a tudu, da asuba na tsaya salla, na ji daɓen ɗakin yana ɗagawa yana sauka a hankali kamar ina cikin kwale-kwale. Kwana goma sha ɗaya na yi a haka.

Abu na farko shi ne a bambanta shi da hajijiya. Mai hajijiya ɗaki ne ke juya masa kamar fanka. Wannan kuwa babu juyawa, tangaɗi ne: gaba da baya, ko dama da hagu, ko sama da ƙasa, kuma yana nan kusan duk yini. Likitoci na kiransa mal de débarquement, kalmar Faransanci da ke nufin ciwon saukowa daga jirgi. Tangaɗin 'yan sa'o'i bayan sauka ba ciwo ba ne, har ma'aikatan jirgi suna jinsa. Ƙa'idar da Ƙungiyar Bárány ta masana jiri ta fitar a 2020 ta ce sai ya fara cikin awa 48 da sauka, ya kuma wuce awa 48 bai tafi ba, sannan ake ba shi wannan suna. Idan ya haura wata guda ya zama mai naci. Ya fi kama mata, musamman masu shekara arba'in da 'yan kai.

Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa da ke auna juyawar kai, da wasu 'yan jakunkuna biyu da ke auna karkata da tafiya a miƙe. Ƙwaƙwalwa tana haɗa saƙonsu da na ido da na tafin ƙafa. A teku sai ta koyi kiɗan igiyar ruwa, tana gyara tsayuwar mutum tun kafin jirgi ya karkata. Idan aka sauka ba ta saki wannan kiɗan ba, sai ta ci gaba da gyaran motsin da babu shi. Kunnen lafiyarsa ƙalau, shi ya sa gwajin ji da hoton ƙwaƙwalwa kan fito ba komai.

Alamar da ta fi kowace tona asirinsa ita ce mota. Ka shiga mota tana tafiya, sai tangaɗin ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. A tsaya a danja ko a kashe inji, ya dawo, wani lokacin da ƙarfi fiye da da. Yawancin sauran cututtukan jiri mota ƙara su take yi. A gida ana jin ka ce jiri za a ce maleriya ko hawan jini. A auna, ba laifi, amma a faɗa wa likita ranar da aka sauka daga jirgi da kuma maganar motar nan.

Kuskurena na farko kwanciya. Na yi yini biyu a gado ina jiran ya wuce, alhali zama shiru da rufe ido su ne ke fito da shi fili. Na biyu maganin amai na tafiya, irin Stugeron. Yana taimakon wanda ke cikin jirgi, amma a tudu barci kawai ya sa ni. Mai amfani da filastar scopolamine da ake liƙawa bayan kunne ya lura: kowace ɗaya awa 72 take aiki, kuma wanda ya jera kwanaki da ita na iya samun jiri da tashin zuciya kwana ɗaya ko fiye bayan ya cire. Wancan janyewar magani ce, ana yawan rikita ta da ciwon saukowa daga jirgi.

Abin da ya yi mini amfani tafiyar ƙafa ce a fili, minti ashirin zuwa talatin safe da yamma, a ƙasa mai tauri, ido na kallon nesa. Takalmi mai sirirtaccen tafi ya fi mai laushi, domin ƙafa ta ji ƙasa sosai. Wuraren da suka fi tayar da shi: banɗaki mai ƙunci, dogon lungu mai santsin tayil, layukan kaya a babban kanti, da jan allon waya da yatsa cikin duhu. Na rage kallon waya zuwa minti goma a zama ɗaya. Wanka da fitila a kunne, hannu ɗaya a bango. Ɗagowa daga ruku'u da sujada a yi shi a hankali, a ɗan buɗa ƙafafu, ranar da ya yi tsanani kuma a yi sallar a zaune. Rashin barci na ninka shi. Daren da na yi awa huɗu kacal, washegari kamar ranar farko.

Kowane dare nakan rubuta lamba daga sifili zuwa goma. Ba ya sauka a jere, yau huɗu gobe shida, sai an dubi mako guda ake ganin yana ja da baya.

Idan ya kai wata, a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wasu na samun sauƙi da clonazepam, amma jiki na sabawa da shi, ba na saye a kemis ba ne. A 2014 Mingjia Dai da abokan aikinsa a asibitin Mount Sinai na New York suka bayyana wata hanya: majinyaci na zaune yana kallon ratsi-ratsin haske suna wucewa, ana karkata masa kai dama da hagu daidai da saurin tangaɗin da yake ji, 'yan mintoci a rana na wasu kwanaki. Kada a kwaikwaya da bidiyo a gida, domin sai ƙwararre ya gano ɓangaren da ratsin zai nufa, kuma kuskure na iya ƙara cutar. Amma idan jirin ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe, gani biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ko kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, a manta da maganar jirgi, asibiti za a nufa nan take.

Tafiya ta gaba ɗaki zan nema a tsakiyar jirgi, bene na ƙasa, domin goshi da bayan jirgi sun fi ɗagawa da sauka, kuma fikafikan da ke ƙarƙashinsa karkatar gefe kawai suke ragewa. Duk tashar da aka tsaya zan sauka in taka ƙasa. Kuma ba zan sake sauka da safe in hau jirgin sama da yamma ba, sai na kwana biyu a tudu.