Abin da tudun Maiden Castle ke koya wa mai yawo da kare

Kusa da garin Dorchester, a gundumar Dorset da ke kudancin Ingila, akwai tudun da ake kira Maiden Castle. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mutanen wurin suka kewaye kansa da ganuwar ƙasa, daga baya aka faɗaɗa shi har ya kai kusan hekta 19, ganuwa bayan ganuwa, da gwalalo mai zurfi a tsakaninsu. Duk wanda ya san ganuwar Kano zai gane aikin da kallo ɗaya, sai dai wannan ciyawa ta lulluɓe ta. Shiga kyauta ne, masu karnuka kuma ba sa rabuwa da wurin. Ƙungiyar English Heritage da ke kula da shi ta yarda a zo da kare, amma a ɗaure da igiya.

Babban darasin da kula da irin wannan wuri yake koyarwa shi ne, tumakin da ke kiwo a kai ma'aikata ne. Su ke aske ciyawa. In babu su, ƙaya da ƙananan itatuwa za su mamaye ganuwar, saiwoyinsu su farfasa abin da ke binne a ƙasa. Don haka idan kare da tunkiya suka haɗu, kare ne baƙo. Mai kare yakan ce nasa ba ya cizo, wasa kawai yake yi. To ai ba sai ya ciza ba. Tunkiya mai ciki in aka kore ta da gudu tana iya yin ɓari, ɗan da ya rabu da uwarsa cikin sanyi kuma yana iya mutuwa kafin gari ya waye. Tun 1953 dokar ƙasar ta mai da korar dabbobin kiwo laifi a kan mai kare, dokar 1971 kuma ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke cikin garkensa, muddin ba shi da wata hanyar tsayar da shi.

Tsawon igiyar ma da magana. A filayen da dokar shekarar 2000 ta buɗe wa masu tafiya a ƙafa, kada ta wuce mita 2 daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a cikin ciyawa, kusa da dabbobi kuwa kowane lokaci ne. Igiyar nan mai miƙewa da kanta ba ta da amfani a nan. Ganuwar na tare gani, sai ka sha kwana ka tarar da garke a gabanka, karen kuma ya riga ya yi mita biyar gaba. Wuri ɗaya ne ake sakin igiya: idan shanu suka taso maka, musamman masu maruƙa. Saki karen, ya fi ka gudu, kai kuma ka fice a natse.

Ƙasar tudun alli ce, in ta jiƙe santsi gare ta ƙwarai. Kare mai ƙarfi ya fizge ka a gangara, sai ka ji ka a gindin gwalalo. A bi hanyar da aka tanada, a bar hawa ganuwa kai tsaye, domin inda ƙafa ta kashe ciyawa nan ruwan sama yake samun hanya ya zaizaye ƙasa. Kare kuma kada ya yi tono a ramin zomo. Dokar wuraren tarihi ta 1979 ce ke kare wurin, lalata shi laifi ne.

Kashin kare a kwashe shi a leda a tafi da shi, ko da a tsakiyar ciyawa ya yi. Wannan ya wuce maganar ƙyama. Yana iya ɗauke da ƙwayar cutar Neospora mai sa saniya ɓari, da ƙwan tsutsar ciki da kan shiga ƙwaƙwalwar tunkiya ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Ban da haka taki ne, furannin ƙasar alli kuwa a ƙasa mara ƙarfi suke rayuwa, in ta samu taki sai ciyawa mai kauri ta danne su. Abin takaici ne ganin an ɗaure leda an rataye ta a shinge, gara ma ba a fara ba.

A saman tudun babu inuwa, babu ruwa, sai iska. A riƙo gora da ɗan kwano, ranar zafi kuma a fita da sassafe. In an sauko, a laluba jikin karen da yatsu, cikin kunne, hammata, wuya da tsakanin yatsun ƙafa, saboda kaska, wadda a can takan ɗauki cutar Lyme. A sa ƙugiyar cire kaska dab da fata, a murɗa a hankali har ta saki. Kada a matse cikinta, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai, don hakan na sa ta amayar da abin da ke cikinta a jikin karen.