Zaman jinya a otal: abin da na gani a Gurugram

Duk wanda zai kai mara lafiya Indiya, hankalinsa na kan asibiti da likita da kuɗin aiki, masauki sai daga baya. Alhali kwanakin gadon asibiti kaɗan ne. Sauran makonnin, na gashin ƙashi da komawa ganin likita, a otal ake yin su. Da na raka mahaifina aikin gwiwa a Gurugram, garin da ke jikin Delhi a jihar Haryana, wanda har 2016 Gurgaon ake ce masa, mun zauna a irin otal ɗin nan na dogon zama: ɗaki da falo, ɗan kicin, firji da murhu, ana biya a mako ko a wata. Unguwannin da ke kewaye da manyan asibitoci cike suke da su, saboda masu jinya daga Afirka, Iraƙi da Afganistan.

Otal ɗin da tafinta ya fara kai mu, kyan ɗan maciji ne. Tayil na ƙyalli, ga katuwar talabijin, ga furanni a bakin ƙofa. Manaja kuwa sau ɗaya na sa shi a ido, ranar karɓar kuɗi. Bayan nan sai wani yaro a kan kanta, mai ladabi ƙwarai, amma ba shi da ikon ko canza ƙwan fitila sai ya buga waya, wayar kuma ba a ɗauka. Famfon kicin ya yi ta ɗiga har muka ajiye masa bokiti. Wannan da sauƙi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da aka ɗauke wuta muna dawowa daga gashi, aka tayar da janareta, sai ga shi bai ɗaukar lif. Muna hawa na uku. Baba na zaune a keken marasa lafiya a ƙasan bene, gumi na zuba, zafin watan Mayu ya haura digiri 40, yana ce min, "Bari kawai, ɗana, mu jira." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri," na rasa abin da zan ƙara. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Sai kuma batun takarda. Dokar Indiya ta wajabta wa duk otal ɗin da ya sauke baƙon ƙasar waje ya cika masa takardar rajista, wadda a lokacin ake kira Form C, cikin awa 24, ya aika wa ofishin rajistar baƙi, FRRO. Idan likita ya ƙara maka kwanaki kana neman tsawaita biza, za a nemi shaidar inda kake zaune, kuma wannan takardar ce ake nunawa. Da na nemi tamu, aka yi ta min gobe, jibi. Ranar da mako ya cika muka kwashe kayanmu.

Na biyun bai kai na farko kyau ba. Kujerunsa sun kwana biyu, labulen ya koɗe. Amma wata mata ce ke riƙe da shi, kuma kullum da safe tana nan da wani babban littafi a gabanta. Kafin ta ba ni makulli sai da ta tambayi ciwon Baba, tana jin gwiwa ce ta sauya mana ɗaki zuwa ƙasa, ta sa aka kawo kujerar roba ta wanka da shimfiɗar da ke hana santsi a banɗaki. Ta tsaya tare da ni a gaban mitar wuta, domin a can kuɗin wuta daban ake biya, muka rubuta lambar, ta sa hannu na sa. Form C kuwa kafin magariba yana hannuna.

Ba wai abubuwa ba sa lalacewa a wurinta ba. Na'urar tace ruwan sha ta tsaya, na faɗa mata, na ga ta rubuta a littafin da lokacin da na faɗa. Ta ce mai gyara ba zai samu zuwa ba sai washegari, ta aiko mana da babbar gorar ruwa mu riƙa sha kafin nan. Washegarin ya zo. Masu shara suna da ranakun canza zanin gado, ba sai ka roƙa ba, kuma na lura ma'aikatanta tsofaffin hannu ne, suna gaisawa da masu jinyar da suka dawo ganin likita kamar 'yan uwa. A otal na farko kusan kullum sabuwar fuska.

Ko warin daddawa, da na ji tsoron zai jawo magana idan na kaɗa wa Baba miyar kuka, cewa ta yi in kunna fankar kicin in buɗe taga, shi ke nan. Ita ta kwatanta min inda zan sami naman akuya na halal, tunda yankan saniya haramun ne a dokar Haryana.

Yanzu idan wani ya kira ni zai kai nasa, nakan ce kada ya biya kuɗin wata a dunƙule, ya fara da mako. Ya nemi ganin manaja ido da ido, ya tambaya ko janareta na ɗaukar lif da na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma sa a rubuta masa sharaɗin mayar da kuɗin ajiya idan an sallame su da wuri. Mu an sallame mu kafin watan ya cika, matar ta karanta mita, ta cire kuɗin wuta, ta ƙirgo min ragowar rupi ɗina tare da rasit.