Kada lefe ya cinye maka rumbu

Samarin karkara, musamman ku da aka sa wa rana bayan kaka, ku ji yadda na yi da nawa auren.

A ƙauyenmu, kamar yawancin ƙauyukan Jigawa, da kaka ake biki, don an cire amfanin gona, kowa na da ɗan abin hannu. Sai dai lokacin ne hatsi ya fi araha. Na kwashi gero da wake da riɗi na kai kasuwar Maigatari, na sallama a yadda aka taya, na zarce Kantin Kwari na cika akwatuna da atamfa da leshi da shadda. Ba iyayen yarinyar suka nema ba. Mahaifinta ma, Allah ya jiƙansa, sadaki kaɗan ya yanka, ya ce albarka yake nema. Lefen abokina na gani na ce sai na fi shi, wai kada 'yan ganin lefe su raina ni. Su kuwa da sun ƙirga turame sun rangaɗa guɗa, shi ke nan, ba wadda za ta tambayi abin da ya rage a rumbu.

Gara ta rufa mana asiri na ɗan lokaci: shinkafa, man gyaɗa, daddawa, kuka. Amma gara ba ta kai mutum ƙarshen damina. Ruwa na sauka, ba iri, ba kuɗin taki, ga ni ina awon gero tiya-tiya da tsada. Na koma ƙwadago a gonakin mutane, tawa ciyawa ta cinye ta. Amarya ba ta taɓa yi mini gori ba, hakan ya fi yi mini ciwo.

Sannan gudummawar da aka kawo ban rubuta ba, na ɗauka kyauta ce. Ashe biki bashi ne. Da na wani aminina ya zo, na kai abin da bai kai rabin nasa ba, gaisuwarmu ta daɗe ba ta koma daidai ba.

Kafin ka auna ko tiya ɗaya ta sayarwa, ware cin shekara da iri, ka rufe. Sadaki shi ne wajibi, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari. Lefe al'ada ce, ana sasantawa. Tura baffanka ko kawunka ya faɗa wa waliyyinta ƙarfinka tun kafin sa rana, manya sun fi jin maganar manya. Ranar ɗaurin aure kuma ka ba ƙaninka littafi da biro ya zauna kusa da kai.